Saƙar da Ta Yi Faɗi

Assalamu alaikum, masu bina a wannan labari, da ku da kuka shigo yau kuka tarar zance ya yi nisa. Ku gyara zama in haɗa muku shi a taƙaice. Sunana Mubarika, 'yar Malam Is'haƙa, tsohon ma'aikacin gwamnati a nan Dogon Dutsi. Ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu kusa da tasha. Wanda nake so, shi ma yake sona, sunansa Yasir, dogo siriri mai dogon wuya. Ku riƙe zancen wuyan nan, don shi ya jawo mini duk abin da zan ba ku labari yau.

Yasir ya samu burs, wato tallafin karatu na gwamnati, zai tafi karatu Aljeriya, biza kawai yake jira. Ranar da Baba ya ji, ya kira ni zaure ya yanke magana ɗaya.

"In da gaske shika yi, magabatanshi su zo su gaishe ni kahin ya hau jirgi. In ya tashi ba su zo ba, ki hidda shi cikin ranki. Ba ni aje ɗiya shekara da shekaru bisa alkawalin waya."

Baba ba ya maimaita magana. Matsalar kuwa ita ce mahaifin Yasir ya rasu, ƙannen mahaifin nasa kuma ba sa ɗaga ƙafa sai mahaifiyarsa, Hajiya Kaltume mai atamfa, ta ce a ɗaga. Ita kuma ta kafe a kan yaro ya gama karatu tukuna. To kun ji inda muka tsaya: Baba ya ja, Hajiya ta ja, mu muna tsakiya.

Wata safiya ina goge injin hoto a shago sai ga bokal ɗin Yasir, wato saƙon murya, ya shigo. Na manna wayar a kunne.

"Ça va, Mubarika? Na yi magana da waɗanda sunka riga mu tahiya. Sun ce sanyin can ba irin namu ba na, har ƙanƙara ka zuba bisa duwatsu. Wai in nemi eshap na naɗe wuya, in ba haka ba mura ta kashe ni tun watan hwari."

Na saurara sau biyu, na yi murmushi ni kaɗai. A raina na ce wuyan nan ba zai naɗa abin kanti ba ina raye. Ni zan saƙa masa da hannuna, duk sanda sanyi ya taɓa shi a can ya tuna akwai wata a Dutsi. Kada ku tambaye ni ko na iya saƙa. Ban taɓa riƙe tsinken saƙa ba tun da aka haife ni. Amma ni ce na koyi injin hoto ba wanda ya nuna mini, na koyi cin-cin a waya har maƙwabta na aiko kwano, don haka ban ga abin da zare da tsinke biyu za su gagare ni da shi ba.

Ranar kasuwa na tashi aiki da wuri. Zafin kaka ake yi, irin wanda ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, amalanken jakuna sun cika hanya da sabon gero da wake. Na kutsa har rumfar Ɗanmalam, mai maɓallai da allura da zaren ɗinki, wanda a garin nan in ba wajensa ba ban san inda ake samun zaren ulu ba.

"Ɗanmalam, zaren saƙa nika so. Baƙi, ko ruwan toka."

Ya dube ni ta saman tulin maɓallai. "Baƙi? Wa ka sa ma jinjiri baƙin zare?"

Ya jawo kwali ya buɗe mini. Fari ne, da ruwan ƙwai, da ruwan hoda, da shuɗi mai haske. Iyakarsu ke nan. A lokacin ban kawo komai a raina ba, sai daga baya na gane abin da kowace mace a Dutsi ta sani ban da ni: a garinmu ba a sayen ulu sai don jariri. Hula, safa, mayafin rufe shi ranar suna. Babba ba ya sa saƙa a nan, balle a wannan zafin.

Na dinga taɓa curin ɗaya bayan ɗaya ina gogawa a kumatu, don matar da na kalla a waya ta ce abin wuya mai laushi ake nema. Shuɗin ya fi kowanne taushi, kuma dai shuɗi bai yi wa namiji muni ba. Na ware curi huɗu da dogayen tsinkaye biyu.

"Wa tah haihu gidanku?" in ji Ɗanmalam yana ƙulle leda. "Ban ji an yi suna ba."

"Ba wadda tah haihu."

"Tau wa ka jiran haihuwa?"

Ku gaya mini, 'yan'uwa mata, wace budurwa ce za ta buɗe baki a tsakiyar kasuwa ta ce saurayinta za ta saƙa wa? Ga mutane, ga abokan Baba suna wucewa. Na ɗaure fuska na ce, "Kai dai miƙo, ni ka son abuna."

Ya miƙo mini ledar. Da na juya sai na yi ido huɗu da Ramatu dillaliya tana zaɓen zik a gefen rumfar. Ramatu ita ke ɗaukar atamfofin Hajiya Kaltume tana kaiwa gida gida, kuma ba atamfa kaɗai take shiga da ita gidajen ba. Na gaishe ta da fara'a, ta amsa tana kallon ledata. Na wuce ina jin daɗin kaina.

A ɗakina na fara, bayan azahar, ƙofa a rufe, fanka na juya iska mai zafi. Na jingina waya da kwalbar turare na kunna bidiyon wata Baturiya mai magana da Faransanci a hankali kamar ba ta da abin yi a duniya. Ta nuna yadda ake ɗora madaukan farko a kan tsinke, waɗanda ni nake kira idanu. Na ɗora daidai faɗin tafin hannuna. Ta nuna yadda ake soka tsinke, a naɗo zare, a zaro. Na soka, na naɗo, zaren ya suɓuce. Na sake. Yatsuna suka yi tsami, gumi ya jiƙa zaren, na ciji leɓe na ci gaba. Kafin la'asar na haɗa layi uku, na ɗaga su sama ina kallo, wallahi daɗin da na ji ko ranar da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare ban ji irinsa ba.

Daga nan sai Baturiyar ta tsaya tana ƙirga idanun da ke kan tsinkenta ɗaya bayan ɗaya, un, deux, trois, ba gaggawa. Na duba megana na intanet na ga suna tafiya. Na ce baiwar Allah, ba da kuɗina za ki koya mini ƙirga ba, na yi lakwal, ƙirga tun a aji ɗaya na koye ta. Na tura bidiyon gaba, na ga dai soka da naɗowa ne har ƙarshe, na kashe waya.

Ashe wurin da na tsallake nan ne duk ilimin yake. Duk sanda na kai ƙarshen layi na juya tsinke, akwai wani sakakken zare da ke leƙowa a baki, ni kuma sai in ɗauka ido ne in saƙa shi. Wani lokaci tsinke ya tsaga zare biyu, in saƙa kowane rabi da kansa. Haka idanu suka yi ta haihuwa a hannuna. Na lura tsinken yana cika har ina tura su da babban yatsa don su samu wuri, amma na ce ai faɗi ba laifi ba ne, ƙarin ɗumi ne.

Saƙa kuma ta shiga raina. Ba na son ajiye ta, sai na fara tafiya da ita shago ina yi in babu mutane. Baba kullum yana zaure, kuma ba leda da za ta wuce gabansa bai tambayi abin da ke ciki ba. Don haka sai in zura dogon hijabina ruwan ƙasa, in rungume ledar a gabana ta ciki, hannu ɗaya a kanta, in bi babban titi a hankali don kada tsinke ya soke ni. Saƙa tana girma, leda tana girma. Ku da kuke karatu kun riga kun hango abin da mutanen titi suke gani. Ni ban hango ba. Har cewa nake mutanen Dutsi sun ƙara tarbiyya, don matan da ba su taɓa kula ni ba yanzu sai su bi ni da "Sannu, Mubarika, sannu kin ji."

Ranar da abin ya fashe ina zaune a tsakiyar gado da saƙata, sai na ji tsayuwar babur a ƙofar gida, na ji an jefar da buhu a tsakar gida, na ji muryar Gwaggo Hannatu, yayar Baba da ke aure a Ɗan Kassari. Ko gaisawa da Inna ba ta tsaya yi ba. Ta banko ƙofata, lulluɓinta a karkace, Inna na biye da ita ido ya yi ja.

"Tashi tsaye!"

Na tashi. "Gwaggo, sannu da zuwa, lahiya?"

Ta matso kusa da ni. Ta sa hannu biyu ta latsa cikina ta ko'ina kamar mai zaɓen kankana a kasuwa. Ta juya ni, ta sake latsawa. Sannan ta sauke numfashi ta zauna daɓas a bakin gado.

"Ba komi," ta ce wa Inna. "Wanga ciki ko tuwon kirki babu cikinai."

Inna ta jingina da ƙofa tana "Alhamdu lillahi" hawaye na zuba. Ni kuwa sai a lokacin kaina ya fara haɗa abubuwa.

"Gwaggo, mi anka ce na yi?"

"Mi anka ce? Wurin suna nij ji, can Ɗan Kassari! Wai ɗiyar Is'haƙa ta sai zaren jinjiri, ta ce nata na, tana yawo da ciki cikin hijabi, yaron kuma shina shirin gudu ƙasar Larabawa." Idonta ya faɗa kan gado. "Wanga hwa?"

Ta ɗauko saƙar ta ware ta da hannu biyu. Ni kaina ban taɓa ware ta gaba ɗaya na kalla ba, kullum a tattare take a kan tsinke. Jama'a, abin ya buɗe ya rufe cinyoyin Gwaggo duka biyu har ya zubo, shuɗi, mai laushi, ga wani ɗan siririn wutsiya a ƙasa inda na fara.

"Abin wuya na," na ce. "Na Yasir. Can sanyi aka yi."

"Wuya?" Gwaggo ta dube ni ta dubi saƙar. "Wuyan wa? Na raƙumi?"

Dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har na durƙusa. Sai da na ɗago na ga Inna ba ta dariya, sannan tawa ta tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ke sa kunne ya yi zafi. Ni da ko hannuna Yasir bai taɓa riƙewa ba, ni ake yawo da sunana har ƙauye.

"Ni na gani da hannuna," in ji Gwaggo, muryarta ta sauko. "Amma gari bai gani ba, ɗiyata."

Baba ya kira ni bayan la'asar. Bai ɗaga kai daga tasbaharsa ba. "Na san ɗiyar da nih haihwa, ban kuma tambaye ki komi ba. Amma maganata tana nan inda nib bar ta. In ba su zo ba, an gama."

Ina komawa ɗaki na tarar waya na ta haske. Yasir ne, saƙo a kan saƙo.

"Kina ina?"

"Ramatu ta zo ta gaya ma Hajiya wata magana."

"Ta kira ni ɗaki ta sa na rantse. Na rantse, amma ta ce ko sunanki kada ta sake ji gidan nan."

"Mubarika, don Allah mi kis saya kasuwa?"

Na zauna ina kallon rubutun. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Da ma Hajiya neman dalili take, ga shi na saƙa mata shi da hannuna. In ta rufe ƙofa, ba mai zuwa gaban Baba, in kuma ba a zo ba, Yasir ya tafi ke nan har abada a wajena. Na ɗauki waya zan tura masa hoton saƙar, sai na fasa. Hoto ba zai wanke ni ba, ƙara tabbatar musu zai yi. Na rubuta:

"Ka ce ma Hajiya tana da baƙi gobe da hantsi."

"Wa?"

"Ni."

"Non, non, non! Kin san abin da kika hwaɗi kuwa?"

Na kife wayar. Na sani sarai. A garinmu budurwa ba ta taka gidan uwar saurayinta. Ko a hanya kika hango ta, kwana za ki yi. Ni kaina na taɓa laɓewa bayan motar gawayi don kada mu haɗu. Amma kunyar nan ita ta hana ni magana a rumfar Ɗanmalam, ga inda ta kawo ni.

Da na gaya wa Gwaggo sai ta dafe ƙirji. "Ɗiya mace ta kai kanta gidan surukai? Cikin Arewa? Ba da ni ba!"

"Tau ki raka ni, Gwaggo. In kina gaba, ke kik kai ni, ba ni nik kai kaina ba."

Ta yi ta faɗa har aka kira magariba. Da safe kuwa ita ta riga ni shiryawa, har da aron takalmin Inna.

Na yi wanka na fito da atamfata ruwan ganye, riga da siket, ɗinkin da ya zauna mini cif a ƙugu. Na ɗaura kallabi, na zizara kwalli, na shafa humra kaɗan. Hijabin nan ruwan ƙasa na bar shi rataye a ƙusa, na yafa siririn gyale a kafaɗa. Ledar saƙa kuma na riƙe ta a hannu, a fili, tana lilo. Gwaggo ta so mu bi lungu, na ce babban titi za mu bi. Duk wadda ta yi mini sannu kwanakin baya na tsaya na gaishe ta da kyau, na ba ta lokaci ta kalle ni daga sama har ƙasa.

Gidan Hajiya Kaltume babba ne, da rumfar kwano a tsakar gida. Tana zaune a kan darduma, tabarau rataye a wuya, atamfofi jere a gabanta. Wa kuke tsammani ke gefenta tana ɗaura ƙullin kayan talla? Ramatu. Can gefe na ga takalman Yasir a ƙofar ɗakinsa, labule yana motsi, amma jarumin nawa bai fito ba.

Gwaggo ta yi sallama, aka shimfiɗa mata tabarma, suka gaisa gaisuwar manya, ta gida da ta gona da ta gajiya. Ni na durƙusa nesa kaɗan, kaina a ƙasa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lahiya." Ko kallona ba ta yi ba.

Gwaggo ta fara kewaye-kewaye, wai an ce, wai an ji. Na ga in na bar ta za mu kai azahar. Na matsa da gwiwa, na zaro saƙar daga leda da tsinkayenta, na ajiye a gaban Hajiya.

"Hajiya, ki gahwarce ni, na san ba a haka. Wanga shi na abin da nis saya kasuwa, shi na kuma abin da nika ɗauka cikin hijabi. An ce ƙasar da za shi sanyi gare ta. Abin wuya nis so in yi mishi, ban iya ba."

Na koma na sunkuyar da kai. Ramatu ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Abin wuya? Hajiya, ke dai dubi launi, dubi hwaɗi. Wanga ai na ranar suna na."

Hajiya ta ɗaga tabarau ta saka. Sai da ta fara kallona tukuna, kallo na natsuwa, daga kallabi har ƙugu. Sannan ta ɗauki saƙar. Yadda ta riƙe tsinken kawai na gane hannun ya san shi. Ta bi layukan da yatsa tana gangarawa, ta wuce ramukan da na bari, ta wuce inda na tsaga zare, har ta isa ɗan siririn wutsiyar nan ta ƙasa. Ta ɗora ta a tafin hannunta. Ta tsaya daidai faɗinsa.

"Ramatu," ta ce, "kin taɓa saƙa?"

"A'a, Hajiya."

"Ni na yi, tun ina amarya, gidan koyon sana'a na mata. Mai yi ma jinjiri mayahi da hwaɗi taka hwarawa, tun layin hwari. Wagga da hwaɗin wuya tah hwara. Ga shi nan, ba ya ɓoyuwa." Ta juyo gare ni. "Ke, ba ki ƙirga idanu in kin kai ƙarshen layi?"

"Na tsallake wurin, Hajiya. Mega ka ƙarewa."

Kafaɗunta suka fara rawa. Ta so ta riƙe, abin ya fi ƙarfinta, ta tuntsire da dariya har tana share ido da gefen mayafi. Gwaggo ta taya ta. Ramatu ta ƙulle kayanta da sauri ta ce rana na yi.

"Tsaya," in ji Hajiya, dariyar ta ɗauke. "Gidajen da kis shiga da waccan magana, ki koma ki shiga da wagga. In na ji saura gida guda, ki aje mini atamhwata."

Ramatu ta fita ba ko sallama. Ni kuma kunyar da na ajiye a gida sai ta biyo ni ta same ni a nan. Na miƙa hannu zan jawo saƙar.

"Bari in warware shi, Hajiya, in sake."

Ta buge mini hannu. "Kak ki taɓa."

Ta zare tsinken a hankali, ta bi idanun da allura da zare ta ɗaure su don kada su zube, ta ninke abin gida huɗu. Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaka da shi. Ta ƙofa na hango ta buɗe babban akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gado, irin wanda ba a buɗewa sai da dalili, ta sa shi can ƙasa. Da ta fito akwai wata leda a hannunta. Ta ajiye mini a cinya. Na leƙa: ulu ne ruwan toka, mai kauri, curi uku, ko takardarsu ba a cire ba.

"Tun randa wanga yaro yac ce mini sanyi aka yi can, na aika Yamai anka sawo mini," ta ce. Yasir ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "Na ce ni ka yi mishi. Na ɗauko tsinke na iske ido ba su gani, yatsu sun ƙage. Na maida na aje, ban gaya ma kowa ba."

Ta karɓi tsinkayena, ta laluba ta ɗora idanun farko da nata zaren, a hankali, tana ƙirgawa a fili, ta miƙo mini.

"Ashirin da huɗu. In kin zo mini da ashirin da biyat, ke da warwara."

"Tau, Hajiya." Hawaye ne suka cika mini ido, na farin ciki, na ƙi bari su zubo a kan zaren.

Gwaggo, da ba ta iya barin magana a ciki, ta ce, "Shi wancan shuɗin hwa, Hajiya? Mi za ki yi da shi?"

"Shina nan gidana har mai shi ya zo duniya." Ta cire tabarau ta dubi Gwaggo. "Ki ce ma Malam Is'haƙa ya sa a shimhiɗa tabarmi ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Ƙannen uban yaron na tahe."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a gidan mutane. Labulen ɗakin Yasir ya yi wani irin motsi, na ji kamar an yi tuntuɓe da bokiti a ciki. Ni dai na ja gyale na rufe fuska, na tashi na yi waje ko sallamar kirki ban yi ba.

Muna kan hanya Gwaggo na ta tsara yadda za ta ba Baba labari, har ta fara cewa ai da ma shawararta ce, sai wayata ta yi ƙara.

"Ke ba ki da tsoro ko kaɗan? Na kusa suma cikin ɗaki."

Kafin in ba shi amsa wani ya shigo.

"Yanzu anka kira ni daga Yamai. Biza ta hito. Motar Asabar da sahe za ni shiga."

Na tsaya cak a bakin titi. Juma'a tabarmi, Asabar mota. Na buɗe leda na dubi abin da ke kan tsinke: layi ɗaya tak, shi ma ba ni na yi shi ba. Wuyan Yasir kuwa na gaya muku tsawonsa tun farko.

"Lahiya?" in ji Gwaggo.

"Lahiya lau. Gwaggo, riƙe mini zaren nan, kak ki bari ya taɓa ƙasa."

Na miƙa mata curin, na soka tsinke a idon farko muna tafe a tsakiyar babban titin Dutsi, kowa na kallo, na fara ƙirgawa da ƙarfi.